Darasi: Hanyar da Zinari Ya Bi Kafin Ya Taru a Cikin Dutse

Duk wanda ya taɓa haƙa rijiya a ƙasar Kura, Bunkure ko Garun Malam ya san jerin abin da diga ke tararwa. Da farko ƙasar noma mai laushi, wadda akasarinta ƙura ce da rairayi da iska ta kwaso daga arewa ta jibge tun dubban shekaru. Ƙarƙashinta marmara, ja mai tauri, wadda a wasu gonakin Kadawa take tare ruwa ya kasa nutsewa har danshi ya yi wa shuka yawa. In an fasa marmara sai ruɓaɓɓen dutse mai marmashewa a hannu, inda ruwan rijiya kan fito. Daga nan sai tsantsar dutse, wanda diga ba ta cinsa. A nan mai haƙa yake ajiye kayan aiki, a nan kuma darasinmu zai fara.

Labarin zinari ba baƙo ba ne a kunnenmu. Muna jin sa daga Anka da Maru da Birnin Gwari, muna jin sa daga Nijar, akwai ma samarin da ke barin noman rani su tafi haƙa. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, me ya sa can, ba nan ba? Wasu kan ce sa'a ce, wasu su ce aljanu ne ke riƙe da shi. Arziki na Allah ne, babu ja, amma Ya sanya wa kowane abu sababi, kuma sababin taruwar zinari abu ne da aka bincika aka auna. Wanda ya gane shi, ba za a ruɗe shi ya farke gonarsa a kan jita-jita ba, zai kuma san haɗarin da ke cikin buhun dutsen da ake shigowa da shi gida.

Dutsen da ke ƙarƙashinmu

Duniya tana da ɓawo na dutse. A ƙarƙashin nahiyoyi kaurinsa kan kai kilomita 35 zuwa 40, kwatankwacin nisan Kano zuwa Kura da 'yan kai. Ba a taɓa huda shi ba. Rami mafi zurfi da aka haƙa, a yankin Kola na ƙasar Rasha, ya tsaya a mita 12,262 a shekarar 1989, inda zafi ya kai digiri 180. Mahaƙar zinari mafi zurfi, Mponeng ta Afirka ta Kudu, kusan kilomita 4 ce kawai. Galibi duk kilomita ɗaya da aka nutsa, zafi na ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30. Ke nan a zurfin kilomita 20 zafi ya haura digiri 500, ga kuma nauyin dutsen da ke bisa yana dannawa.

To yaya aka san abin da ke can, tun da ba a je ba? Zurfin ne ya zo ya same mu. Kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, manyan ɓangarori na ɓawon duniya suka yi karo: tsohon doron Afirka ta Yamma, inda Gana da Mali da Burkina Faso suke a yau, da wanda ke gabas da shi. Ƙasar da ke tsakani, wadda ita ce tamu, ta matse ta nannaɗe, dogayen tsaunuka suka tashi tun daga Hoggar ta Aljeriya har gaɓar tekun kudu. Ruwa da iska suka yi ta cin tsaunukan nan sannu a hankali har suka shafe su. Gindinsu ne ya rage a fili, shi muke takawa. Duwatsun Rano, da falalen da ake shanya hatsi a kai a ƙauyukanmu, duk sun daskare ne a can ƙasa, ƙarƙashin kilomitoci na dutsen da yanzu babu shi.

Wannan tsohon dutse iri uku ne, kuma sai an rarrabe su za a gane sauran bayanin. Akwai giranit, wanda ya narke sarai sannan ya huce a hankali. Ku ɗauki tsakuwar da ake zuba kankare da ita ku duba da kyau: za ku ga ƙwayoyi masu haske kamar gilashi, ita ce farar ƙanƙara da masana ke kira kwaz, da wasu farare ko masu ruwan hoda, da baƙaƙen ɗigo masu sheƙi da ake kira maika. Akwai nais, mai ratsi-ratsi fari da baƙi a lanƙwashe, wanda zafi ya tausasa shi har ya kusa narkewa. Shi ne mafi tsufa. An auna wani nais a Kaduna aka samu ya haura shekara miliyan 3,500, ta hanyar wata ƙwaya mai suna zirkon, wadda yuraniyom ɗin cikinta ke rikiɗewa ya zama dalma da saurin da aka sani. Na uku shi ne shist. Asalinsa laka ce da tokar aman wuta da suka kwanta a gindin ruwa, matsi ya mayar da su dutse mai ɓarewa falle-falle. Shist bai bazu ko'ina ba. Ya miƙe ne a dogayen zirare daga arewa zuwa kudu a yammacin Najeriya: zirin Anka, na Maru, na Zuru, na Birnin Gwari da Kushaka, na Malumfashi, na Kazaure, sai can kudu na Ilesha. Ku riƙe sunayen nan, za mu dawo kansu.

Zinari yana ko'ina, ba ya isa ɗauka

Ba a cikin ƙasa ake ƙera zinari ba. Tun aka halicci duniya yana cikinta, kuma saboda nauyinsa da son haɗuwa da ƙarfe, mafi yawansa ya nutse can tsakiyar duniya inda ba mai kai wa. Ɗan abin da ya saura a ɓawo ya watsu. Masu ilimin sinadaran duwatsu sun auna, sun ga matsakaicin dutse na ɗauke da kimanin giram ɗaya da rabi na zinari a cikin tan 1,000. Mu mayar da shi lissafin da muka saba. Tifa mai ɗaukar tan 20, sai ta yi sawu 50 kafin ta kwashe tan 1,000. A cikin wannan tulin duka, zinarin bai kai na ɗan kunne guda mai kyau ba. Dutsen da ke bayan gidanku ma yana da nasa rabon, amma ba wanda zai niƙa tifa 50 don giram ɗaya da rabi.

Dutsen da kamfani ke haƙa ya ci riba kan ɗauki giram 1 zuwa 10 a kowane tan guda. In muka ɗauki giram 5, tifa ɗaya tana da giram 100. Wannan ya ninka na dutsen gama-gari fiye da sau 3,000. Ainihin tambayar ke nan: mene ne ya bi dutse mai yawan gaske ya tsinto zinarin da ke warwatse, ya kai shi wuri guda ya zube?

Ruwan da ke cikin dutse

Amsar ita ce ruwa, sai dai ba irin na rijiya ba. Laka ko ta bushe ta zama dutse, akwai ruwa ɗaure a cikin ƙwayoyinta, wanda rana ba ta iya fitar da shi. Lokacin da ƙasa ta matse, shist ya nutse ƙasa, zafi yana ƙaruwa. Da ya kai wajen digiri 500 zuwa 550, wata koriyar ƙwaya mai suna kilorait, wadda ta fi kowace riƙe ruwa, sai ta wargaje ta saki nata. A daidai wannan zafi kuma wani abu na biyu ke faruwa. A cikin tsohuwar lakar akwai fairait, ƙwaya mai ruwan ɗorawa da ta ƙunshi ƙarfe da farar wuta, kuma a cikinta ne yawancin zinarin dutsen yake ɓoye tare da asanik. Zafi kan sa fairait ta saki wani kaso na farar wutarta, zinarin da ke ciki ya fito. Iskar kabon dayoksaid ma tana fita daga sassan dutsen masu farar ƙasa.

Zinari ba ya tsatsa, ba ya narkewa a ruwan sama ko na kogi, shi ya sa awarwaron kaka yake kaiwa ga jika bai canza ba. Amma ruwa mai tsananin zafi da ke ɗauke da farar wuta yana narkar da shi. Farar wutar ce ke riƙe ƙwayar zinari ta tafi da ita cikin ruwan, ido ba ya gani. Ba zato ba ne: a ƙasar Niyu Zilan, inda ake haƙo ruwan zafi daga ƙarƙashin ƙasa don samar da lantarki, an buɗe bututun rijiyoyin aka tarar zinari da azurfa sun manne a ciki.

A ƙasar ce kuma aka yi gwajin da ya fi gamsar da ni a wannan fanni. A yankin Otago akwai shist iri ɗaya da ya fito fili, wani sashe bai sha zafi sosai ba, wani ya sha matuƙa. Masu bincike suka bi shi suna ɗibar samfur daga wannan gefe zuwa wancan, suka buga sakamakon a 2006. Sashen da ya fi shan zafi ya rasa mafi yawan zinarinsa da asanik da zaiba, alhali wanda bai sha ba yana nan da nasa. Kuma ma'adinan da dutsen zurfi ya rasa, su ne dai ake tararwa jibge a mahaƙun zinarin yankin. Abin da ya ɓace a ƙasa, an gan shi a sama.

Ku duba girman abin da lissafi. Dutse mai tsawon kilomita ɗaya, faɗin kilomita ɗaya, zurfin kilomita ɗaya, nauyinsa kusan tan biliyan 2.7 ne. In kowane tan ya saki miligiram ɗaya tak, an sami kilo 2,700 na zinari. A gindin tsauni kuwa, irin wannan dutse ɗaruruwa ne ke shan zafi lokaci guda.

Masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba ta kowace fuska. Wasu na ganin a wasu wurare narkakken giranit ne ya saki ruwan yayin da yake hucewa, wasu na ganin daga ƙarƙashin ɓawon ma ya taso, kamar yadda ake faɗa game da mahaƙun Jiaodong na ƙasar Sin. Abin da ba a jayayya a kai shi ne ruwa mai zafi ne ya yi dakon, daga zurfi zuwa sama.

Hanya da mazauba

A nan tsarin ban-ruwanmu zai taimaka mana. Ruwan da ke sauka a tuddan kudancin Kano, in an bar shi, sai ya bazu ya wuce. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ita ta tattara shi. Babban kanal ya ɗauko shi ta Ruwan Kanya, ƙananan kanal suka rarraba, mai kula da ƙofa ya buɗe ya rufe, ruwa ya isa fili. Gonar da kanal bai bi ta kanta ba, ko tana kallon ruwan, a bushe take da rani. A filin da ruwa ya daɗe yana kwanciya kuma, kun san farin gishirin da kan fito bisa ƙasa in ya ƙafe: abin da ruwa ya ɗauko a narke ne ya ajiye da yanayi ya sauya. Zinari ma sai an sami waɗannan duka: mafari, da hanya, da ƙofa, da wurin zubewa. In ɗaya ta ɓace, babu komai.

Hanyar ita ce manyan tsagogin ɓawon duniya, inda ɓangare ya goga da ɓangare. A yammacin Najeriya akwai biyu sanannu: wadda ta bi ta Anka da Yawuri ta gangara kudu, da ta Kalangai wadda ta ratsa ƙasar Birnin Gwari da Zungeru. Kowace ta yi ɗaruruwan kilomita. Ruwan da dutse mai faɗi ya saki yana tattaruwa cikinsu ya hau.

Ƙofar kuwa girgizar ƙasa ce. Ruwa kan taru ƙarƙashin dutsen da ya toshe, matsi na ƙaruwa, har dutsen ya karye. Nan take ruwa ya kutsa cikin sabuwar tsaga, matsinsa ya faɗi, ya kasa riƙe abin da ya ɗauko. Farar ƙanƙara ta daskare ta cika tsagar, zinari na cikinta. Tsaga ta toshe, matsi ya sake taruwa, a sake karyewa. Shi ya sa in aka fasa jijiyar farin dutse a mahaƙa akan ga ta yi layi-layi, kowane layi shaidar girgiza guda ce, kuma jijiya mai kauri ta ga dubbai. Wani lokacin dutsen gefen tsagar ne ke jawo zubewar. In yana da ƙarfe da yawa, ƙarfen kan fizge farar wutar daga cikin ruwa ya zama sabuwar fairait, zinari ya rasa mai riƙe shi ya zube nan. Galibi wannan na faruwa ne a zurfin kilomita 5 zuwa 15, a zafin digiri 250 zuwa 400. An san haka domin ƙanƙarar kan rufe da ɗigon ruwan a cikinta, ƙanana ƙwarai, sai da madubin ƙara girma. A ɗakin gwaje-gwaje ana ɗumama su a auna zafin da suka shiga da shi da abin da suka ƙunsa. Ruwan shekara miliyan ɗaruruwa ne, yana nan a rufe.

Ba kowace jijiyar farin dutse ke da zinari ba. Mafi yawansu ma babu komai a ciki, domin ruwan da ya ajiye su bai bi ta inda zai ɗauko ba.

Daga jijiya zuwa rafi

Bayan tsaunuka sun zaizaye, jijiyoyin suka fito fili suka farfashe. Zinari ya fi ruwa nauyi sau 19, ya fi farar ƙanƙara sau 7, don haka ruwan damina kan tafi da yashi ya bar shi a lungun rafi da gindin tsakuwa. Wannan nauyi ne mai wanki ke amfani da shi. Yana juya kwano cikin ruwa, yashi mara nauyi na fita ta baki, baƙin yashi mai ƙarfe na saura, a ƙarƙashinsa kuma, in da rabo, 'yan ƙwayoyi masu ruwan ƙwai. Masu binciken kamfanoni su ma rafi suke fara bi suna ɗibar laka, suna neman asanik da sauran abokan tafiyar zinari, domin sun fi shi yawa da sauƙin ganowa. A Mali da Nijar har ƙasar suri ake aunawa, saboda gara na haƙo ƙasa daga ƙarƙashin marmara ta kawo sama.

Mu da inda zinarin yake

Yanzu ku tuna sunayen ziraren shist. Bagega da Anka, Maru, Bin Yawuri, Tsohon Birnin Gwari, Ilesha: inda ake samun zinari a Najeriya ya bi waɗannan zirare da manyan tsagogin da ke ratsa su. Wani lokaci jijiyar kan shiga nais ko giranit na kusa da tsagar, amma ba ta nisa da ita. An fara rubuta haƙar zinari a ƙasar nan a 1913, ta yi ƙarfi a shekarun 1930, ta ja baya da Yaƙin Duniya na Biyu. Babbar mahaƙar zamani, Segilola ta jihar Osun, ta fara fitar da zinari a 2021. Dutsen nan bai san iyakar ƙasa ba, ya tsallaka kudancin Maradi, inda aka yi rububin haƙa a Ɗan Issa, har rami ya rufta a Nuwamban 2021 ya kashe aƙalla mutum 18. Zinarin Gana da Mali da yammacin Nijar kuwa ta irin wannan hanya ya taru, amma a wani karon da ya girmi namu nesa, kimanin shekara miliyan 2,100. Daga zinarin wancan doro sarkin Mali Mansa Musa ya tafi da guzurinsa hajji a 1324, shi ne kuma fataken Kano kan taras a hanyar Gwanja in sun je sayen goro.

Ƙasar Kura da Bunkure tana bisa giranit da nais, ba ta cikin zirin shist. Giranit ya narke, nais ya wuce zafin da dutse ke sakin zinarinsa. Irin dutsen da zinari ke bari ne, ba wanda yake sauka a ciki ba. Ma'adinin da kudancin Kano ya shahara da shi daban ne. A Riruwai ta ƙaramar hukumar Doguwa, wani giranit na baya-baya, mai kimanin shekara miliyan 170, ya zo da kuza da tutiya, kuma mutanen wurin suna narka kuza tun kafin zuwan Turawa. Kowane dutse da irin ƙarfen da yanayinsa ya ba shi.

Saboda haka in kun ga abu na ƙyalli a yashin Kogin Kano ko gindin kanal, ku gwada kafin ku yi murna. Maika ce ta fi yaudarar ido. Faifai ce siririya, tana lilo cikin ruwa ba ta saurin nutsewa, farce na ɓare ta, in an juya ta ƙyallin ya ɓace. Fairait tana da tauri, in an buga ta da guduma ta farfashe ta zama gari mai duhu. Zinari ba ya fashewa. In an buga shi bajewa yake yi, launinsa kuma ɗaya ne a rana da inuwa. Wanda ya sami dutsen da yake shakka a kai, akwai Hukumar Binciken Ma'adinan Ƙasa ta Najeriya mai ɗakin gwaji a Kaduna, akwai sashen ilimin duwatsu a Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello. A kuma sani cewa dokar ma'adinai ta 2007 ta sa duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa a hannun Gwamnatin Tarayya, ba a haƙa sai da lasisi. Ramin da aka haƙa a gonar ban-ruwa kuwa, aka juyo marmara da tsakuwa bisa ƙasar noma, gyaransa ba aikin shekara ɗaya ba ne.

Abokan tafiyar zinari

Wannan sashe shi ne ya fi kowanne muhimmanci a gare ku, ko da ba za ku taɓa riƙe diga a mahaƙa ba. Ruwan da ya yi dakon zinari bai zo da shi shi kaɗai ba. Ya zo da asanik, a wasu wuraren kuma da dalma mai yawa, cikin wata ƙwaya mai nauyi da sheƙin toka-toka da ake kira galina.

A farkon 2010, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, agwagi suka fara mutuwa. Ba a ɗauki abin da zafi ba. Sai yara ƙanana suka fara amai da ciwon ciki da jijjiga, suna mutuwa. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta lura da yawan mace-macen a watan Maris, gwajin jini ya nuna gubar dalma ce. Jijiyoyin da ake haƙa a wurin cike suke da galina. Ana kawo dutsen cikin gida, mata na daka shi a turmi, ana niƙa shi a busasshe a injin niƙa, ana shanya garin a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. A wasu gidajen an auna dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 10 cikin 100, alhali iyakar da Amurka ta sa a lokacin ga wurin wasan yara ba ta kai rabin kashi 1 cikin 1,000 ba. Yara fiye da 400 suka rasu a Dareta da Yargalma da Abare da Bagega da maƙwabtansu, dubbai suka sha magani, da yawa kuma gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa har abada. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, Bagega ma ba a yi nata ba sai 2013. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. Iyayen nan ba sakaci da 'ya'yansu suka yi ba. Neman abinci suke, ba wanda ya taɓa gaya musu abin da ke cikin dutsen.

Galinar nan kun san ta. Ita ce ake niƙawa a yi kwalli irin na dutse. A 2012 hukumar lafiya ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a birnin Boston da dalma ta hau jininsa, aka gano kwallin da ake sa masa ne, wanda fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Kada a sa wa jariri irin wannan kwalli.

Guba ta biyu mutum ne ke kawo ta da hannunsa, wato zaiba. Ana zuba ta cikin garin dutse ta kama zinari, a ƙona curin, zaiba ta tashi hayaƙi, zinari ya saura. Hayaƙin na lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda. Wadda ta zube a ruwa kuma ƙwayoyin halitta na cikin laka kan mayar da ita wani nau'i mafi muni da ke taruwa a jikin kifi. Irinsa ne ya nakasa mutanen Minamata ta Japan, inda aka gano cutar a 1956, da sunan garin kuma aka yi yarjejeniyar duniya ta 2013 kan taƙaita zaiba, wadda Najeriya ta amince da ita. Binciken da aka yi a lardin Guizhou na Sin ya nuna shinkafar da aka noma a fadamar da zaiba ta gurɓata tana tara wannan guba a cikin ƙwayarta. Ku da kuke noman shinkafa da ruwan kanal guda, na sama yana sakar wa na ƙasa, kun fi kowa sanin abin da hakan ke nufi. Duk wanda ya dawo daga mahaƙa, ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya ɗauki yaro. Kada dutsen mahaƙa ya shiga gida, kada ya shiga turmi ko injin da ake niƙa hatsi, kada a wanke shi a kanal ko kududdufin da dabbobi ke sha. Inda ake niƙa shi, a jiƙa shi tukuna don ƙura ta kwanta.

Aikin aji da na gida

1. Kowa ya zo da dutse ɗaya daga gonarsa ko bakin rijiya. A aji a rarrabe marmara da giranit da farar ƙanƙara, a duba ko akwai mai ratsin nais.

2. Dutse yana da giram 4 na zinari a kowane tan. Buhu nawa mai kilo 50 za a niƙa kafin a sami giram 1, in ba a yi asarar komai ba?

3. Ka bayyana wa na kusa da kai, da kalmominka, abin da ke faruwa da shist in zafi ya kai digiri 500, da dalilin da ya sa zinari ke zubewa in dutse ya karye.

4. Ku ɗebo yashin rafi a kwano ku wanke. Ku kawo maganaɗisu kusa da baƙin yashin da ya saura, ku rubuta abin da kuka gani.

5. A ce wani ya kawo buhunan dutse daga mahaƙa yana so ya wanke a kanal ɗin sashenku. Ku tattauna abin da ƙungiyar masu amfani da ruwa da mai unguwa ya kamata su yi, da bayanin da za ku yi masa.